Waliyyiyar da Ta Ɗaga Ƙafar Dama

Sabina Gilhooly ba ta taɓa zagin kowa ba a rayuwarta, kuma kada wani ya ce haƙuri ne ya yi mata yawa. Ba ta da buƙatar zagin ne kawai. In ka ɓata mata rai sai ta ƙura maka ido kamar mai son tuna inda ta san ka, sannan ta ce, "Ba komai, Allah ya huci zuciyarka." Kai kuma ka tafi kana ganin ka ci bulus. Bayan wata shida sai wani ɗan'uwanka ya dawo daga ɗaurin aure a wani coci can ƙasar Cork, ya tare ka a hanya yana dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Kai, ka san kuwa kai ne Yahuza Iskariyoti, wanda ya ci amanar Yesu, a tagar arewa?"

Aikinta ke nan. Mai zane ce a wani shagon masu yin tagogin coci na gilashi mai launi, a wani lungu na Dublin da rana ba ta cika leƙawa ba. Kowace taga zane biyu ake mata. Na farko ƙarami ne, bai wuce tafin hannu biyu ba, ana sa masa launi a aika wa Fada, wato limamin cocin da ya ba da aikin, ya gani ya amince. A cikinsa fuskar mutum ba ta fi ƙwayar wake ba. Na biyu shi ne babba: takarda daidai tsawon tagar da faɗinta, a kafe ta jikin bango, Sabina ta hau tsani da gawayi a hannu ta fitar da komai, inda dalma za ta bi ta riƙe gilashi, inda tufafi zai lanƙwashe, da kowace fuska har gashin hanci. Daga wannan babban zane masu yanka suke yanka, daga shi kuma Malachy Furlong, mai shafa fenti, yake kwafe fuskoki a kan gilashi a sa a wuta a gasa. Abin da wuta ta gasa kuwa ya zauna ke nan, ko da yashi ka goge. Ga shi Fadoji ba su cika zuwa duba babban zane ba, don Dublin da nisa, kuma ba a rubuta sunan mai zane a jikin taga. To me kake so mace irin Sabina ta yi da wannan dama?

Kwandastan bas ɗin da ya buga ƙararrawa tana tsakiyar gudu a cikin ruwan sama, yau yana tagar wani coci a Tipperary cikin sojojin da ke caca a kan rigar Yesu. Mahaucin da ya sayar mata da nama mai wari shi ne mugun sarki Hirudus a coci biyu. Matar da take haya a gidanta, wadda ke tafasa ganyen shayi ɗaya sau uku, tana cikin 'yan matan nan biyar marasa wayo na misalin Yesu, waɗanda fitilunsu suka mutu, kuma ita ce ta gaba. Amma a faɗi gaskiya, Sabina tana saka alheri ma. Tsohuwar da ke sayar da kifi a bakin gada, mai ƙara mata guda ɗaya ran Juma'a, ta zama mala'ika har sau huɗu.

Malachy ya sha gaya mata, "Sabina, wata rana sai kin ja mana an kore mu duka."

"To kwafa dai," in ji ta. "Kuma ka ƙara masa girman kunne, ka rage da yawa."

Wannan hali ba a Dublin ta samo shi ba, daga gida ta zo da abinta. A ƙauyen Kilcorrig aka haife ta, can yamma inda ruwan sama ba ya hutu. Ubanta ya rasu tana goye, sai uwarta Honor ta riƙe gida ita kaɗai a mararrabar hanya. Gidan yana da daɓen dutse mai kyau, saboda haka duk Lahadi da la'asar nan matasa da tsofaffi ke taruwa, mai goge ya zauna kusa da murhu, a sha shayi a yi rawa. In rawa ta yi rawa sai maza biyu su cire ƙyauren ƙofa su shimfiɗa a ƙasa, kowa ya ja baya, Honor ta hau. Tsofaffin Kilcorrig har gobe suna cewa ba a sake yin mai ƙafa irin tata ba. Sabina, 'yar shekara bakwai, tana ƙarƙashin tebur tana kallo, ba ta ganin komai sai ƙafafu.

Sai aka kawo sabon Fada, yaro ɗanye mai zafin kai, Fada Tansey. Ranar wata Lahadi, coci cike, ya hau mumbari ya kira sunan Honor Gilhooly da babbar murya, ya ce gidanta ne inda Shaiɗan yake tuɓe takalmansa ya huta. Ashsha! Matar da ko giya ba a taɓa sha a gidanta ba. Honor ta miƙe a tsakiyar mutane, ta gyara mayafinta, ta kama hannun 'yarta, ta taka har bakin ƙofa ba gaggawa. Nan ta juyo ta ce, yadda kowa zai ji, "Ni da cocin nan, sai dai a shigo da ni a kwance."

Daga ranar ba wanda ya sake zuwa gidan mararraba. Mai goge ya riƙa sauya hanya in ya hango ta. Ƙyaure ya zauna a jikin ƙofarsa. Honor ta ci gaba da jan carbinta a gida safe da yamma, tana aika Sabina coci duk Lahadi da wankakkiyar riga, amma ita ba ta sake taka ko dakalin cocin ba, ba ta kuma sake ɗaga ƙafa da sunan rawa ba.

Ita kuwa Sabina a makon nan ta fara zane. Ta ɗauki gawayi a murhu ta zana bunsuru a bayan buhun sukari, bunsurun kuma duk wanda ya gani ya san waye. Tana shekara goma sha biyar wata Sista, cikin matan coci masu koyarwa a makaranta, ta kama ta da irinsa, ta doke ta da rula har hannu ya kumbura, ta ƙwace takardar. Sai dai ba ta yaga ba. An ce a aljihu ta sa, kuma ita ce daga baya ta rubuta wasiƙar da ta kai yarinyar Dublin.

Shekara ashirin da takwas bayan waccan Lahadi, wasiƙa biyu suka iso wa Sabina a mako ɗaya. Ta farko daga likitan Kilcorrig: zuciyar Honor ta gaji, in ta ga hunturu biyu nan gaba a gode wa Allah. Ta biyu maigidan shago ne ya ajiye mata a kan tebur. Cocin Kilcorrig na son sabuwar taga a bangon kudu, labarin Waliyyiya Brigid da sarkin nan marowaci, wanda ta roƙa fili ya ce ta ɗauki iyakar inda mayafinta zai rufe, mayafi kuwa ya yi ta yaɗuwa har sarki ya durƙusa yana ba da haƙuri. A ƙasan wasiƙar ga sa hannun Fada Tansey, wanda yanzu ya tsufa, ya yi tumbi, shi ne babba a cocin.

Sabina ta karanta su ta sake karantawa, sai hawaye ya kuɓuce mata, abin da Malachy bai taɓa gani ba. Ba mutuwar ce kaɗai ta tsorata ta ba. Abin da ya fi damunta shi ne maganar nan ta bakin ƙofa za ta cika: maza huɗu za su shigo da uwarta cikin akwati, Fada Tansey ya tsaya a kanta yana yayyafa ruwa, shi ya yi nasara ke nan. Ita kuwa so take uwarta ta shiga cocin nan da ƙafarta, kanta a sama, ko da sau ɗaya ne. Roƙo ba zai yi ba, ta gwada ya fi sau ɗari.

Ta share ido ta ce, "Malachy, miƙo mini tsani."

Mako uku tana kan takardar nan. Da ta sauko, Malachy ya tsaya ya duba, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Wannan waliyyiyar ai na san ta. Hotonta ne a kan teburinki."

"Mamata ce, tana shekara talatin."

"Sarkin fa?"

"Kai ma ka sani."

"Na shiga uku! To wannan ƙafar fa da ta leƙo ƙarƙashin riga? Waliyyiya da dunduniya a sama? Sabina, rawa take yi!"

"Mayafi take shimfiɗawa. Mutum ba ya ɗaga ƙafa in zai shimfiɗa mayafi?"

Abin da ya ba Malachy mamaki shi ne sarkin. Ya zaci zai ga bunsuru da kambi. Ina! Sabina ta zana Fada Tansey yadda ko uwarsa ba ta taɓa ganinsa ba: gashi cike da kai, haɓa ɗaya tak maimakon uku, hancin nan mai kama da dankali an feƙe shi ya miƙe, ido na mai tunani. Kamannin suna nan, ba wanda zai ɓata, amma an wanke su an goge.

"Kin yafe masa ke nan?"

"Kai dai jira."

Ranar Litinin maigidan shago ya faɗo ɗaki yana haki, ya ce Fada Tansey ya zo Dublin kallon wasan ƙarshe na ƙwallo, kuma ga shi nan a matakala, wai wani ya rubuta masa cewa ya kamata ya zo ya ga babban zanen da idonsa. Malachy ya dubi ƙofar baya kamar zai gudu. Sabina kuwa, wadda ita ce ta rubuta wasiƙar, ta ja teburin shayi ta jingina da bango daidai inda ƙafar waliyyiya take, ta ɗora buta da burodi da man shanu a kai.

Fada ya shigo yana numfashi sama-sama. Ya dube ta ya ce, "'Yar Honor ce, ko? Yaya mahaifiyar taki? Har yanzu tana nan da taurin kanta?"

"Tana nan, Fada, ta ce a gaishe ka." Ƙarya ce tsagwaronta.

Ya juya wajen bango, idonsa ya faɗa kan sarki, nan ya maƙale. Ya matsa kusa. Ya ja baya. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu, ya shafa sanƙonsa a hankali. Shayinsa ya huce a hannu. Malachy ya rantse ya duba agogo, minti ashirin cur bawan Allahn nan ya yi yana kallon kansa.

"Wannan sarkin," in ji shi a ƙarshe, "akwai kwarjini."

"Haka muka ga ya dace, Fada. Ai mutumin kirki ne, kuskure ɗaya ya yi kuma ya tuba."

"Ƙwarai, ƙwarai. A ina kika samo fuskar?"

"Haka nan ta zo mini, ranka ya daɗe. Ka san in mutum ya taso yana ganin manya, sai su zauna masa a kai."

Fada ya yi gyaran murya, kunnuwansa suka yi ja don daɗi. Ya ce ko za a ɗan ƙara wa kambin haske. Sabina ta ce za a ƙara.

"Waliyyiyar fa, Fada? Ta yi?"

Ya ɗaga ido ya wurga mata kallo ɗaya, irin wanda yake wa matan Kilcorrig shekara ashirin da takwas. "Ta yi, ta yi. Ba laifi." Ya karɓi alƙalami ya sa hannu a gefen takarda, ya ci burodi yanka biyu a kan teburin da ke ɓoye ƙafar, ya tafi.

"Abin da ya sa wa hannu," in ji Sabina, "shi za mu gasa. Hura wuta, Malachy."

Cikin watan Yuni aka kafa taga. Ranar Lahadin da aka keɓe ta rana ta fito, abin da ba ta saba ba, haske ya zubo ta bangon kudu. Tsofaffi ne suka fara ganewa. Wata ta zunguri wata, wani ya tura hula a baki. Kafin a kai rabin addu'a duk coci ya san Honor Gilhooly ce tsaye a sama cikin shuɗi da ja, ƙafa ɗaya a ɗage, Fada Tansey kuma durƙushe a gabanta da kambinsa mai haske, hannu biyu a haɗe. Tsohon mai goge ya fita waje da gudu wai tari ya sarƙe shi. Fada ya ɗaga kai ya dubi tagar a tsakiyar wa'azi, wannan karon ya dubi ɗaya fuskar, sai maganar ta ɓace masa. Amma me zai ce? Shi ya sa hannu, kuma mako shida yana gaya wa kowa yadda sarkin ya yi kyau.

Kafin azahar gidan mararraba ya cika da matan da rabonsu da shi tun Sabina tana ƙarƙashin tebur. Kowacce na rige-rigen ba da labari. Honor tana zaune bakin murhu tana fere dankali, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Ƙarya kuke yi."

"Allah ya sani, Honor, ke ce! Har ɗan tabon nan na gira!"

"To ku gaishe ta."

Sabina ta zo hutu ne na mako ɗaya, kuma ba ta tayar da maganar tagar ba. Litinin ta wuce. Talata ta wuce, tsohuwa tana ta faɗa da kaji ba dalili. Zuciyar Sabina ta fara karyewa, don Asabar za ta koma Dublin, kuma ba ta da wata dabara bayan wannan. Ranar Laraba da hantsi Honor ta ɗauki mayafi da sanda ta ce, "Tashi ki raka ni kabarin ubanki, ciyawa ta cinye shi."

Kabarin yana bayan coci ta arewa. Sai ga tsohuwa ta bi ta kudu. Suna tafe tana tsayawa tana maida numfashi, har suka iso ƙarƙashin tagar. Ta ɗaga kai ta duba, ta sa hannu ta kare ido, ta matsa, ta ja baya.

"Ina abin yake? Ni ban ga komai ba sai baƙi kamar gindin tukunya."

"Ai daga waje ba a gani, Mama. Sai haske ya ratso ta. Sai daga ciki."

Honor ta juyo a hankali ta dubi 'yarta.

"Kin san da haka tun farko?"

"Shekara goma sha tara ina wannan aikin, Mama."

"'Yar banza. Ja'ira. Halin dangin ubanki ne wannan, ba nawa ba."

Honor ta daɗe a bakin ƙofar cocin, daidai inda ta tsaya ta yi rantsuwa. Sabina tana bayanta, ba ta taɓa ta ba. Can tsohuwa ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Ba don shi zan shiga ba. Ɓarnar da kika yi zan duba." Ta ɗaga ƙafa ta tsallaka.

Ba kowa a ciki. Shuɗi da ja sun kwanta a kan benci da daɓe. Honor ta taka har tsakiya ta tsaya, hasken ya hau mayafinta. Ta dubi fuskar matar nan 'yar shekara talatin, ta daɗe tana dubanta. Ta dubi sarki ta yi tsaki. Sannan idonta ya sauko ƙasa, ya tsaya a bakin riga.

"Wace jaka ce ta zana wannan ƙafar?"

"Ni ce, Mama."

"Dubi inda kafaɗa ta karkata! In kafaɗa ta yi nan, hagu ake ɗagawa, ba dama ba. Wannan in ta sauke ƙafar nan faɗuwa za ta yi a kan Fada. Ki sa ni a gaban duk Kilcorrig ina taka rawar 'yan koyo? Ke ko kunya ba ki ji ba?"

Sabina ta so ta yi dariya, amma ta fasa. Ta ce, "Daga ƙarƙashin tebur na gani, Mama. Shekarata bakwai. Ba wanda ya koya mini."

Honor ta juyo. Ta dubi 'yarta, mace mai shekara talatin da biyar da furfura ta fara leƙowa, wadda ba ta taɓa taka rawa ba ko a biki. Sai ta jingina sandarta da benci, ta cire mayafi ta ninke ta ajiye.

"Zo nan. Tsaya a gefena. Ɗaga rigarki in ga ƙafar. Hagu na ce, shashasha, hagu!"

Ba goge, sai tsohuwa ta riƙa rera kiɗan da baki, takalmanta suna buga daɓen coci, a hankali da farko, sannan ya ɗan yi sauri. Sabina tana bi tana tuntuɓe tana kuka tana dariya. Suna cikin haka ƙofar gefen bagade, inda Fada ke tsayawa ya ja addu'a, ta buɗe, Fada Tansey ya leƙo da littafi a hannu. Honor ba ta tsaya ba.

"Fada," in ji ta tana haki, "in sunana za ka kira, ga ni kusa, ba sai ka ɗaga murya ba."

Fada ya dube ta, ya ɗaga kai ya dubi sarkin da ke durƙushe, ya ja ƙofar ya rufe a hankali.

Honor ta ga hunturu ɗaya, ba ta ga na biyu ba. Ranar da maza huɗu suka shigo da ita, ba wanda ya ce rantsuwa ta cika, don duk gari ya san ta riga su shiga. Bayan an binne ta Malachy ya ce wa Sabina gyaran ba wuya, gilashi ɗaya ne za a cire a gasa wani da ƙafar hagu. Ta ce in ya kuskura ya taɓa, shi ne jakin da ke tsaye inda aka haifi Yesu a Baitalami a taga ta gaba.

Sabina ta yi wasu shekara ashirin da biyu a kan tsani kafin gwiwa ta sauke ta, kuma ba ta daina halinta ba. Sai dai daga wannan shekarar duk bikin da aka gayyace ta ita ce farkon shiga fili. Ba ta taɓa iyawa sosai ba, gaskiya, amma da hagu take farawa.